Wane jak ya dace da Hilux mai shiga daji?

Mai Hilux, Gashuwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na sayi Hilux ta hannu, ƙirar 2012, sai na tarar babu jak babu sifanar taya a cikinta. Aikina kai kaya ƙauyukan Yusufari, hanyar kuwa rairayi ne zalla. An ce in sayi dogon jak ɗin nan Hi-Lift da ake ɗaurewa a bayan mota. Kafin in kashe kuɗi ina neman shawararku.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, Alhaji. In dai don cire taya ne, kada ka fara da Hi-Lift. Shi jikin motar yake ɗagawa, ba ƙafar ba. Kana ɗagawa sifirin na miƙewa, taya na nan zaune a ƙasa, sai motar ta yi sama sosai kafin ƙafar ta tashi, a lokacin kuwa ko jingina aka yi da ita tana iya gocewa. Nemi jak mai siffar kwalba, ka sa shi ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun. Ɗagawa kaɗan, taya ta bar ƙasa.

Mai Hilux, Gashuwa: Na gode, Oga. Tan nawa zan nema?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Hilux da kaya ba ta wuce tan 3 da 'yan kai, kuma kusurwa ɗaya kake ɗagawa. Mai tan 4 zuwa 6 ya wadatar. Abin da mutane ke mantawa tsayi ne. Idan taya ta yi faci aksil yana sauka ƙasa, babban jak mai tan 10 ba zai shiga ba. Ƙarami kuma ya shiga, amma ya ƙare kafin motar ta kai tsayin da safaya mai iska za ta hau. Saboda haka ka sace iskar taya ɗaya a gida, ka auna daga ƙasa zuwa aksil, ka tafi kasuwa da wannan awon. In ka samu mai hawa biyu, ko mai kan da ake murɗawa ya ƙara tsawo, shi ne naka.

Direba, Agadas: Ni zan ƙara da cewa in ka ci karo da ainihin jak ɗin Toyota da ke zuwa da motar, ɗauka. Na murɗawa ne, babu mai a cikinsa balle ya yi yoyo, zafi ba ya sa shi saki. Mu masu bin hanyar Dirku shi muke riƙewa. Jak mai amfani da mai kuwa, in ya daɗe a kwance yana jijjiga a bayan mota, ranar da ka neme shi sai ka yi ta bugawa ya ƙi tashi. A tsaye ake ajiye shi.

Sai katako. Wallahi a rairayi katako ya kai jak muhimmanci. Mai kauri, faɗin kamu biyu, wanda ba zai tsage ba. In babu shi, jak ne zai nutse mota na nan yadda take. Ni guda biyu nake ɗauka, na biyun don ƙara tsayi.

Mai Prado, Maiduguri: Ku yi wa Hi-Lift adalci dai. Da damina a hanyoyinmu in mota ta zauna da cikinta a laka, babu inda za ka cusa jak na kwalba. Shi ke ɗaga ta a cusa itace da duwatsu ƙarƙashin taya.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Gaskiyarka, Yallaɓai, nan ne aikinsa, fitar da motar da ta kafe. Amma sai motarka na da bamba ta ƙarfe ko wurin da aka ƙera masa. Bambar Hilux ta kamfani ba za ta ɗauka ba, lanƙwasawa zai yi. Kuma kamfanin da kansa ya ƙayyade masa nauyi kimanin tan 2 ne. Haɗarinsa a saukewa yake: in hannunka ya kuɓuce, sandar na tashi da ƙarfi, ta karya haƙora ko muƙamuƙi. Kada mutum ya taɓa sa kansa a tsakanin sandar da jikin jak ɗin.

Mai Prado, Maiduguri: Haka ne. Akwai kuma na buhu da ake hurawa da hayaƙin salansa. Yana da kyau a yashi, amma ƙaya ɗaya ta gama da shi, kuma ba a cire taya a kansa.

Mai faci, Potiskum: Duk kun tsaya kan jak, alhali abin da ke kwanar da mutane a daji noti ne. Hilux da Prado noti shida ne, lamba 21. Land Cruiser 100 da 200, da ƙirar 79 daga 1999, noti biyar ne, lamba 22. Alhaji, sayi soket mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba, don mai sha biyun nan shi ke cinye kan noti. Ka haɗa da doguwar sanda mai bakin rabin inci, tsawon santimita 60. Sifana mai kama da gicciye ma ba laifi in ƙarfenta mai kyau ne, amma na banzan sun cika kasuwa, bakinsu ke buɗewa.

Kuma don Allah a daina barin yara suna hawa kan bututu suna tsalle wai ɗaure taya. Wannan ke miƙar da ƙusa har ta tsinke a kan hanya. Notin Hilux wajen 105 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) yake so, Land Cruiser 200 mai wilin alminiyam 131. In da hali a sayi sifanar awo mai yin ƙas in ta kai. Kada a shafa wa ƙusa giris ko baƙin mai, a goge yashin kawai.

Mai Hilux, Gashuwa: To injin kwance noti mai batir fa?

Mai faci, Potiskum: Yana rage wahala wajen kwancewa. Wajen ɗaurewa fara da hannu, in ba haka ba zai hau zare a karkace. Kuma batir na mutuwa, sandar dai kada ta bar motar.

Direba, Agadas: Ƙanena, ga yadda muke yi. Birkin hannu ƙafafun baya kawai yake riƙewa, don haka sa 4L, wato giyar ƙarfi mai jan ƙafa huɗu, da giya ɗaya, ka sa weji a tayar da ke kusurwar can, mafi nisa da wadda za ka cire. Sassauta noti tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga. Tura safaya ƙarƙashin shasi kafin ka zare tayar, in ka zare ka musanya su, ko jak ya zame motar ta samu abin zama. Babu mai shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai. In ka mayar, ɗaure noti a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake taɓa su.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Abu ɗaya ya rage. Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take rataye, da sandunan jak ake sauke ta ta wata kafa a baya. Tunda ka ce babu komai a motar, sandunan ma babu ke nan. Nemo su, ka gwada sauke ta a gida, don yashi na cushe injin sarƙar. A gaba kuma taka ba aksil guda ba ce irin ta Land Cruiser 79, duba littafin motar ka ga inda aka nuna a sa jak, kada ka tokare abin da zai fashe.

Mai Hilux, Gashuwa: Allah ya saka da alheri. Zan auna yau, ranar Asabar in shigo Kano. Oga, sandunan nan ana samunsu su kaɗai ko sai da jak ɗin?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Ana samu wajen masu kayan Toyota na hannu. Ka zo da motar a gwada su a jikinta kafin ka biya.