Lambar yabon da babu suna a jikinta, jabu ce?

Nasiru: Jama'a, na sayi lambar yabo a Kasuwar Barci, tauraro mai tsini shida, ƙyallenta shuɗi da fari da kore. Mai ita ya ce kakansa ne ya samo ta a aikin jirgin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai babu suna ko'ina a jikinta.

Alhaji Garba: An cuce ka, ɗana. Ta gaske da suna take zuwa. Kuma yaushe mutanenmu suka shiga teku? Ƙasar Bama da ke Asiya aka kai su, da ƙafa suka yi yaƙi.

Malama Hadiza: Alhaji, a gafarce ni. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne Ingila ta buga wa suna da muƙami da lambar aiki. Taurarin 1939 zuwa 1945 haka ta raba su babu rubutu. Wannan ƙyallen na Tauraron Atlantika ne, kuma ba sojan ruwa kaɗai aka bai wa ba, har ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa da suka cika wata shida a teku.

Alhaji Garba: To na ji. Amma ɗan Arewa?

Malama Hadiza: Jiragen Elder Dempster, wani kamfanin sufurin teku na Ingila, sun ɗebi 'yan Afirka ta Yamma da yawa daga Legas da Saliyo, masu zuba gawayi a wuta da masu wanki da kuku. Galibinsu mutanen bakin teku ne, na yarda. Amma Lakwaja ma tana da ma'aikatar jiragen kogi tun kafin haɗewar Arewa da Kudu a 1914.

Baba tsohon soja: Ku bar gardamar ƙarfe. Nasiru, koma wajen yaron ka tambayi takardar sallamar kakansa. Ta ma'aikacin jirgi ɗan littafi ce, a ciki ake rubuta sunan kowane jirgi da ranar shiga da ranar sauka. Ita ce shaida. Abin da ke ci mini rai, sai iyali su sayar da lambar, takardar kuwa gara ta cinye ta a ƙasan adaka, shi ke nan an shafe bawan Allah.

Alhaji Garba: In babu takarda, ina nan kan bakana.

Nasiru: Baba, in an samu sunan jirgin fa?

Baba tsohon soja: Sai ka nemi jerin ma'aikatansa a gidan adana takardun tarihi na Kew da ke Landan. Amma fara da tsofaffin gidan, su za su gaya maka sunan da Bature ya rubuta masa.