Neman shawara: ganyen dutse mai tsamin yakuwa a Norway

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata ce aure ya kai Norway, garin Tromso, can ƙuryar arewa inda rana ba ta faɗuwa a watan Yuni. Cikinta wata 5, kwaɗayin miyar yakuwa ya hana ta sakat. Maƙwabciyarta ta kai ta bakin wani rafi a gindin dutse ta nuna mata ganyen da suke kira fjellsyre, wai suna ci. Ta turo mani hoto: ɗan tsiro ne gajere, ganyen mai siffar ƙoda, furen ƙanana ja-ja a kan siririn kara. Ta ɗanɗana, ta ce "Mama, wallahi yakuwa sak." Tun jiya hankalina bai kwanta ba, cikin fari ne. In bar ta ta yi miya da shi?

Malamin kimiyya, Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sunansa na kimiyya Oxyria digyna, kuma lallai ana cinsa. Yana fitowa inda ƙanƙara ta narke ta bar damshi, daga Norway da Girinlan har duwatsun Himalaya. Mutanen Inuit, 'yan asalin yankunan ƙanƙara irin su Girinlan, sun daɗe suna cinsa ɗanye saboda bitamin C, shi ke kare su daga ciwon da ke sa dasashi zubar da jini. Sai dai ba dangin yakuwa ba ne, ɗanɗano ne kawai ya zo ɗaya. Tsaminsa na sinadarin oksalik ne, wanda in ya yi yawa yana hana jiki amfana da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yana kuma jawo tsakuwar ƙoda ga mai saurin kamuwa da ita.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Hajiya, abin da Malam ya faɗa a ƙarshe shi ne damuwata. Mai ciki na buƙatar kalsiyam sosai. Ganye biyu uku da ta tauna kada ya tayar maki da hankali, amma cika tukunya da shi, a'a. Ta nuna wa ungozomarta hoton a wajen awo kafin ta sake taɓawa. Kuma kada ta je tsinka ita kaɗai, can ma akwai ganyayyaki masu guba.

Wata uwa, Rafin Daɗi:
In tsamin ne matsalar, ba sai ta jefa 'yar kanwa ba kamar yadda muke yi?

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Yaya, kanwa tsamin take kashewa a baki, sinadarin yana nan a cikin miyar. Ni ko nan gida ba na son mai ciki tana yawaita kanwa.

Wata uwa, Rafin Daɗi:
To Hajiya, ki shiga kasuwa ki sayi busasshiyar yakuwa mudu biyu, ki haɗa da kuka da daddawa ki aika mata. Mijin ya fara tambayar dokar kwastan ɗinsu. Allah ya raba lafiya.

Mai tambaya:
Amin, na gode ƙwarai. Na kira ta yanzu, ranar Talata za ta awo, ta ce za ta tafi da ganyen kansa a leda.