Baƙi daga Brazil za su zo mini Accra, yaya zan karɓe su?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan ina sayar da kajin sanyi a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, kuma duk tsawon wannan lokaci ta hannun wani dillali a Tema, garin tashar jiragen ruwa, nake saye. Yanzu Allah ya buɗe mini hanyar magana kai tsaye da wani kamfani a jihar Parana ta Brazil, har sun ce wakilansu biyu za su zo Accra watan gobe, kuma mace ce jagorar tafiyar. Sau uku ina tambayarta farashin ƙarshe ta WhatsApp, kullum sai ta tambayi lafiyar iyalina, sannan ta ce za su duba. Shin wasa suke yi da hankalina ne, ko haka al'adarsu take? Ina kuma neman shawara kan gaisuwa da abinci.

Tsohon Tafinta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, ba wasa ba ne. Mutumin Brazil ya fi son ya san da wa yake ciniki kafin ya buɗe bakin farashi, kamar yadda dattijon Zango ba ya shiga maganar da ta kawo shi sai ya tambayi gida da gajiya da kasuwa. Sai dai ka lura da kalmar nan "vamos ver", wato "za mu gani", domin ba kasafai suke cewa a'a ƙiri-ƙiri ba, kuma sau da yawa ita ce a'ar tasu cikin ladabi. Idan sun zo, ka bar su su sha kofi, a taɓa hira, kada ka shimfiɗa takarda tun ba su huce gajiya ba. Za su riƙa tsayawa kusa da kai, su dafa kafaɗarka, wani lokaci su tari numfashinka kana magana, kuma duk wannan a wurinsu alamar sakin jiki ce, ba raini ba.

Batun gaisuwa shi ne wanda ya kamata ka warware tun kafin su taso. A can, sumbatar kumatu tsakanin mace da namiji gaisuwa ce ta yau da kullum, sau ɗaya a Sao Paulo, sau biyu a Rio. A zaman ciniki na farko yawanci hannu ake bayarwa, amma idan ba ka musabaha da mata, ka rubuta mata tun yanzu cewa dafa ƙirji kake yi saboda addini, domin kada ta miƙo hannu a gaban yaranka ta ji kunya. Harshensu na Fotugal ne, saboda haka kada ka ɗauko mai jin Sifaniyanci ka ce ka samu tafinta. Ka kuma guji haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, domin zagi ne a wurinsu; ɗaga babban yatsa shi ne daidai.

Hajiyar Aboabo:
Ɗan'uwana, ni daga Kumasi nake, kuma sukari nake shigowa da shi. Na yarda da Malam Tafinta, amma daɗin hira ba ya sauke kwantena a Tema. Akwai 'yan damfara da yawa da ke ara sunan kamfanonin kaji da sukari na Brazil, don haka ka nemi lambar rajistarsu da ake kira CNPJ ka bincika, ka nemi takardar shaidar halal daga hukuma irin su FAMBRAS Halal ko Cdial Halal, kuma ka biya ta hanyar lamunin banki. Ka kuma kula da rubutun lissafinsu: ɗigo suke sawa wajen dubu, waƙafi wajen ƙananan kuɗi, wato 1.500,00 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar. Wannan ya taɓa rikita mini akawu yini guda. Agogonsu yana bayan namu da awa 3, kuma daga ƙarshen Disamba har a gama babban bikinsu na Carnaval a Fabrairu ko Maris, amsa takan yi nauyi.

Malamin Sabon Zango:
Alhaji, idan ka samu sarari ka kai su Jamestown su ga Brazil House, gidan da ke da tarihin mutanen Tabom, waɗanda suka dawo daga Brazil suka zauna cikin ƙabilar Gã ta Accra a ƙarni na 19. A jihar Bahia ma Musulmi bayi, cikinsu har da Hausawa, sun yi tawaye a birnin Salvador a 1835, ka ga zumuncin ba na yau ba ne. Ƙwallo kuwa hira ce mai buɗe fuska: sun ci mu 3-0 a 2006, mu kuma muka doke su a wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Alƙahira a 2009. Ci 7-1 da Jamus ta yi musu a 2014 kuma, ka bar shi inda yake.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na nemi lambar, kuma ta turo mini ita da yammar nan. Ban ji wanda ya taɓo abinci ba: ina tunanin wake da shinkafa da tsire a gidana maimakon otal, tunda ba zan kawo giya ba. Zai yi kuwa?

Tsohon Tafinta:
Zai yi ƙwarai, domin shinkafa da wake su ne cimarsu ta kullum, kuma mutane ne masu son gasasshen nama. Ka dai rage yaji, ka ajiye shito, wato miyar barkono, a gefe, ka tanadi wuƙa da cokali mai yatsu, saboda ba su saba cin irin wannan abinci da hannu ba. Ranar da kai kuma ka je can, ka tambaya kafin ka taɓa feijoada, wato miyar wakensu, domin da naman alade ake dafa ta.