Wa ya san labarin Igor Gouzenko?

Dan Fagge: Jama'a wai gaskiya ne mutumin nan da buhu a ka yake fitowa a talabijin?

Malam Sada: Gaskiya ne wallahi, fuskarsa a rufe don tsoron kar a gane shi. Ma'aikacin GRU ne, wato hukumar leken asirin sojojin Sobiyet, a ofishin jakadancinsu na Ottawa, babban birnin Kanada, 5 ga Satumba 1945 ya cusa takardun sirri sama da 100 cikin riga ya fice, ya je gidan jarida suka ki kula shi, ma'aikatar shari'a ma haka, karshe gidan makwabci ya buya jami'an Sobiyet na balle kofarsa.

Ummu Hanan: Oh ni, matarsa fa?

Malam Sada: Tana da ciki lokacin Hajiya. Kanada ta canza musu suna, ya rasu 1982.