Har yanzu tsoro na hana a harba nukiliya?

Mai Rediyo: Jama'a, ƙanena yana karatu a Rasha, kuma tun da Putin ya jingine yarjejeniyar New START a Fabrairun 2023 hankalina bai kwanta ba. Ita ce ta taƙaita wa Amurka da Rasha kawunan nukiliya masu cin dogon zango da aka girke zuwa 1,550 kowacce. An ce ba mai fara harbawa don ya san shi ma zai ƙone. Wannan tsoron yana nan kuwa?

Malamin Tarihi: Yana nan, Malam, amma ni kuskure ne ya fi damuna. A Satumban 1983 na'urar Tarayyar Sobiyet ta nuna Amurka ta harbo makamai. Wani hafsa, Stanislav Petrov, ya ce na'urar ce ta ruɗe, kuma haka ne. Mutum ɗaya fa! Ga shi yarjejeniyar INF ta 1987, wadda ta hana Amurka da Sobiyet makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango, ita ma ta ruguje a 2019.

Uwar Biyu: Ni Indiya da Pakistan, masu nukiliya su ma, ne suka tsinka min zuciya da suka gwabza faɗa a Mayun 2025. Maƙwabta ne, makami na isa cikin mintoci, ina lokacin shawara? Allah ya tsare ƙanenka.

Mai Rediyo: Amin, Hajiya. Daren nan zan kira shi.