Abaya ɗaya, kala 4, lamba 5: a ina kuke rubuta farashi, hoto da nauyi?

Maman Nabila, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abaya da hijabi nake sayarwa a Alabar, Kumasi, kuma wani yaro ya kafa mana shafi da WooCommerce, manhajar buɗe shago a intanet. Abaya ɗaya tana zuwa da kala 4, kowace kala lamba 52, 54, 56, 58 da 60. Guda 20 ke nan daga ɗinki ɗaya. Yaron ya ce in rubuta bayani sau ɗaya a kan uwar kayan, wato abayar a dunƙule, 'ya'yan, wato kowace kala da lambarta, za su gada. To, bayanin yadi ya sauko ko'ina, amma lamba 58 da 60 sun ƙi fitowa, mai saye ba ya iya zaɓarsu. Ku da kuka daɗe a harkar, me kuke sawa a sama, me kuke sawa a ƙasa?

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam Anti. Duba gurbin farashin 58 da 60 ɗin, na tabbata babu komai a ciki. A WooCommerce ba a gadon farashi. Kayan da aka raba wa 'ya'ya ba shi da farashin kansa a sama, kowane ɗa sai an rubuta masa nasa, wanda aka bari haka kuwa ba ya sayuwa. Akwai wurin da za ki sa wa dukansu farashi ɗaya lokaci guda, sannan ki koma ki ƙara wa masu tsawo.

Abin da ake gado shi ne nauyi, awon kwali, rukunin kuɗin aike da lambar kaya, muddin kin bar gurbin ɗan babu rubutu. Da zarar kin rubuta masa nasa, ya daina kallon uwar. Ko kin canza na sama daga baya, shi yana nan a kan tsohon. Nan ne nake shan wahala da shagunan da nake kula wa: mai shago ya gyara nauyi a sama, ya kira ni wai shafi ya lalace, alhali tun bara yaronsa ya cike wa rabin 'ya'yan nasu.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetiya:
Maman Nabila, ki kama maganar nauyin nan da kyau, don kuɗi ce. Ni GTP da Woodin nake kawowa, zane ɗaya ana saye yadi 6 ko yadi 12. Wanda ya shigar mana da kaya ya sa nauyin yadi 6 a kan uwa, ya bar na yadi 12, wato turmi guda, babu komai. Wata ta sayi turmi 3 zuwa Tamale, shafin ya lissafa mata kuɗin aike na rabin nauyi, ta biya ta MoMo, kuɗin waya, magana ta ƙare. Da muka kai tasha aka ɗora a sikeli, daga aljihuna cikon ya fita. Ai ba za ka kira mutum ka ce ya ƙaro bayan ka ba shi farashi ba.

Lissafin abin da ya rage ma haka. An sa shi a sama, wai zanen saura 10. Goma na me? Shafin yana cire ɗaya ko an sayi yadi 6 ko an sayi 12. Yanzu abin da na yanka na ninke daban, turmin da ban taɓa ba daban, kowanne da adadinsa. Ke ma abayarki kada ki yarda a ƙirga ta a dunƙule. Lamba 54 da 56 ke fara ƙarewa kafin Sallah, a bar ki da 60 tana rataye, shafi kuma yana cewa akwai kaya.

Maman Nabila, Aboabo:
Allah ya saka, Hajiya. Farashin ne kuwa, na sa sun fito. Saura hoto. An zaɓi ruwan toka, baƙa ce ke bayyana.

Abu Akra:
Anti, wannan don tsarinku hawa biyu ne kawai, uwa da ɗa. Ɗan da ba shi da hoto na uwa yake nunawa. Hoto kuwa na kala ne, ba na lamba ba, ga shi kala ba ta da hawan kanta a wajenku, dole ki liƙa hoton ruwan toka a kan lambobinta 5 ɗaya bayan ɗaya.

Kamfanin tufafin da nake wa aiki Akeneo muke amfani da shi, manhajar tsara bayanan kaya, shi yana ba da hawa uku. A sama samfurin ɗinki: suna, tambari, irin yadi, yadda ake wanki. A tsakiya kala da hotunanta. A ƙasa lamba, da lambar kaya da zanen da na'ura ke karantawa a wurin biya. Bambancinsa da naku, kowane bayani hawa ɗaya yake zama, na ƙasa ba shi da ikon goge na sama. Da farko na ga takura ce. Sai wata riga ta zo, kala 3 auduga zalla, farar kuma an gauraya ta da roba. Irin yadi yana can sama, babu yadda za a ce farar ta bambanta, sai da aka sauko da gurbin zuwa hawan kala. Aiki ya ƙaru, amma ko ba komai kowa ya san inda zai duba. Tambayar da muke yi wa kowane gurbi ita ce: shin gaskiya ne a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa? In ko guda ɗaya ya saɓa, wurinsa ƙasa.

Baba Tela, Sabon Zango:
Yaran nan, duk wannan na masu kayan masana'anta ne. Ni fugu, rigar saƙi ta arewacin Gana, nake ɗinkawa da saƙar garin Daboya. Ƙwarya biyu daga hannun masaƙi ɗaya ma shuɗinsu ba ya zama ɗaya, ratsin ya bambanta. Jikana ya so ya haɗa su ƙarƙashin uwa ɗaya, na hana. Kowace riga hotonta, awon kafaɗarta, kuɗinta. Wanda ya gani shi za a kai masa.

Abu Akra:
Gaskiyarka Baba, naka da na masu gwanjo ba su da abin gado. Ko da yake ni da zan sa sunan garin saƙa da yadda ake wanki a rubutu ɗaya da ake kwafowa, don rinin baba yana zuba a wankin farko kuma kullum sai an tambaya.

Ɗan Asawase:
Ƙari ɗaya, Anti, in za ki tura kayan zuwa kundin Facebook ko Google. Can kowane ɗa layinsa yake tafiya a cike, da hotonsa da farashinsa da kalarsa, lamba ɗaya ce kawai ke nuna 'yan gida ɗaya ne, item_group_id. Abin da ya gada shi za a kwashe a tura, saboda haka baƙar abayar nan za ta fito a talla da sunan ruwan toka. Ki gama hotunan tukuna. Masu Shopify kuma, wata manhajar shago irin WooCommerce, ku sani zaɓi 3 ne iyaka a kaya guda, kala, lamba da wani ɗaya.

Maman Nabila, Aboabo:
To ni ina da na uku da na huɗu a zuciya: mai dutse da marar dutse, da mayafi ko babu. In raba su uwa biyu ke nan?

Hajiya Mai Atamfa, Kejetiya:
Raba mai dutse daban, hotonta da wankinta da kuɗinta duk ba ɗaya ba ne. Mayafin ki sayar da shi shi kaɗai, wasu kala biyu suke ɗauka.