Ranar da gem ya miƙo mini kambi, ni kuma na karɓa

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na gama Baldur's Gate 3, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Waɗanda suka buga sun san Gale, matsafin nan mai daɗin baki daga birnin Waterdeep, wanda yake da wani abu a ƙirji da sai an riƙa ciyar da shi kayan tsafi. Gem ɗin da kansa ya ba ni tarihin Karsus: ɗan Adam ne, gawurtaccen matsafi a daular Netheril, ya ga abin da yake da shi bai ishe shi ba, ya nemi ƙwace matsayin Mystryl, wadda a labarin ita ke riƙe da sihirin duniya. Sihiri ya yanke, biranensu masu shawagi a sama suka rikito ƙasa da mutanen ciki. Duk na san wannan. Amma da Gale ya zo yana lallaɓa ni a kan kambin sihirin da Karsus ya bari, sai na ce masa ɗauka, ai kai ka fi shi hankali. Ya ɗauka, ya zama abin bautar masu buri. A walimar ƙarshe ya iso yana ƙyalli kamar sabon kwano, yana yi mana magana kamar hakimi ya leƙo ƙauye gaisuwa. Ko kyanwarsa Tara mai fukafukai ba ta yi murna ba. Ni kaɗai ne aka nuna wa rami kuma na faɗa, ko akwai abokan tafiya?

Hajiyar Gem:
Ƙanena, ka samu abokiyar tafiya. Ni a Skyrim aka kama ni. Tun 2011 ya fito, amma sai da yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa na fara shi. Na zaɓi ƙabilar Nord ta 'yan Adam, na ji Ulfric Stormcloak yana maganar 'yanci da ƙasar kakanni, jinina ya tafasa, na ce wannan shi ne namiji. Ranar da na fara shiga Windhelm, birninsa, a bakin ƙofa na tarar da maza biyu sun tare wata mata 'yar ƙabilar Dunmer suna zaginta, wai 'yar leƙen asiri ce. Na wuce abina. Sai daga baya na zagaya na ga unguwar da aka cusa su, lungu mai duhu, alhali gudun aman wutar dutse ne ya koro su daga ƙasarsu. Su kuwa Argoniyawa, masu siffar ƙadangare, ko cikin ganuwa ba a bar su sun zauna ba, suna can bakin ruwa suna dako. Na gani, kuma na ci gaba da yi wa Ulfric yaƙi har muka ci birnin Solitude. Hujjata a lokacin? Na riga na yi nisa, kuma sulkensu ya yi mini kyau.

Injiniya:
Anti, a yi adalci. A Skyrim wa ya kai Thalmor girman kai? Elfawa ne fa, jinsin nan masu kama da mutane da kunne mai tsini, su suka hana a bauta wa Talos, wanda a labarin asalinsa ɗan Adam ne, don ba su yarda mutum zai kai wannan matsayi ba. Ba ɗan Adam kaɗai ke hura hanci ba.

Hajiyar Gem:
Gaskiyarka, Injiniya. Sai dai Thalmor daga ganinsu ka san mugaye ne, ba wanda ya ruɗe. Ulfric kuwa na tafa masa.

Ɗan Damagaram:
Nawa ya bambanta da naku, domin ni ne aka taka. A Dragon Age: Origins na 2009 na fara a matsayin elf ɗan birni, a unguwar talakawansu da ke Denerim. Ranar ɗaurin aurena ɗan mai garin, Vaughan, ya shigo da abokansa a buge, ya kwashe mata har da amaryata. Da na fasa gidansu na isa gabansa, sai ya yi mini tayin kuɗi in rufe baki in tafi. Wallahi na ajiye linzamin kwamfuta na miƙe tsaye, ina zagaye ɗaki. Ba don ban san amsa ba, a'a, don na kama kaina ina lissafin irin takobin da kuɗin za su saya mini. Ƙarshe dai na sare shi. Amma lissafin nan na yi shi. Kuma gem ɗin tun daga farkonsa ya faɗa maka cewa matsafan Tevinter, 'yan Adam, su suka kutsa Birnin Zinariya ya koma baƙi, daga nan annobar da ake yaƙa a gem ɗin ta samo asali.

Baban Yara:
'Ya'yana, ni ba na bugawa sosai, zama nake kusa da babban ɗana ina kallo. Duk wannan ƙage ne, mun sani, amma masu ƙagawar ba daga sama suka tsinto shi ba. Wanda ya yi makarantar allo ya san Fir'auna ya sa Hamana ya gina masa dogon gini don ya kai sammai. Abin da ya tsaya mini shi ne birnin Novigrad a The Witcher 3. Yaron ya sha wahala ya taimaki matsafiya Triss aka fitar da matsafa ta jirgin ruwa zuwa Kovir, yana ta murna ya ceci rayuka. Da ya dawo garin sai ya tarar masu farautar mayu ba su kashe wutarsu ba, sun koma kan elfawa da wadanni. Ya juyo ya ce, Baba me suka yi? Na rasa abin da zan ce masa, na ce je ka yi alwala, an kira magariba.

Mai Ƙwayar Lido:
Ni na tebur nake yi, Dungeons & Dragons, wanda ya fito tun 1974, da ƙwaya mai fuska 20, kuma ni ke jan labari. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ba elf shekara kusan 750, wada kusan 350, mutum kuwa ko 100 ba ya cikawa. Kullum da wannan ake kare burin ɗan Adam: wai kwanansa kaɗan ne, shi ya sa yake gaggawa. Na yarda da rabi. Akwai abokinmu da kullum mutum yake zaɓa, kuma kafin a jefa ƙwaya ta farko ya naɗa kansa shugaban ayari. Ran nan na sa musu karaga a kangon fada, kewaye da ƙasusuwan waɗanda suka zauna a kai, har da rubutun gargaɗi a jiki. Ban gama karantawa ba ya ce ya hau. Sai mai elf ɗinmu, mai shekara 750 a gaba, ya ce in jira, shi ma yana son ya jefa ƙwaya ya ga ko zai riga shi.

Ɗan Fagge:
Na gode, Baba, na gode kowa. Da safe na koma inda na ajiye wasan kafin maganar kambi, na lallashi Gale ya haƙura. Ya zo walima a mutum, yana koyarwa, yana dariya, ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba. Na so in goge waccan ajiyar ta farko, har na kai hannu sai aka ɗauke wuta. An dawo da ita tun azahar, ajiyar tana nan, ɗazu ma ita na buɗe wa ƙanena ya gani.